Mudu Biyu a Shago Ɗaya: Yadda Muka Rabu da Python 2 a Garwa

Manhajar da wannan nazari ya shafa ƙarama ce, kuma a kasuwa ba a san ta da wani suna ba sai "littafin kwamfuta". Na rubuta ta ne domin shagunan sari na Garwa a arewacin Kamaru, masu sayar da sabulu, sukari, shinkafa da man gyaɗa kwali-kwali da buhu-buhu, sannan ta bi hannun 'yan kasuwa ta kai Gidar da Marwa, har da wani shago a Kuseri, bakin gadar da ake tsallakawa zuwa Injamena. Tana riƙe lissafin kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita, tana rubuta bashi da sunan mai shi, tana buga rasit, kuma duk lokacin da aka samu intanet takan tura kwafin littafin zuwa wata saba, wato kwamfutar ajiya da ke kan intanet, domin kada gobara ko ɓarawo su tafi da tarihin shago. Da Python, harshen shirya manhaja, na rubuta ta, zubi na 2.7, wanda ya fito a watan Yuli na 2010. A lokacin ba a ganin wannan zaɓi a matsayin kuskure, domin ko da yake Python 3 ya fito tun Disamba 2008, yawancin tubalan da masu shirya manhaja ke ara daga juna ba su riga sun koma kansa ba.

Masu kula da harshen ba su ɓoye wa kowa niyyarsu ba. Tun da wuri suka ce ba za a yi zubi na 2.8 ba, suka sa 2015 a matsayin shekarar da za su janye hannu daga 2.7, sannan a 2014 Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri harshen, ya sanar da ƙarin shekara biyar. Wa'adin ya cika ranar 1 ga Janairu 2020, kuma fitowa ta ƙarshe, wato 2.7.18, ta zo a watan Afrilu na wannan shekarar. Na karanta duk waɗannan sanarwoyi a kan lokaci, amma na ɗauke su a matsayin maganar masu sabbin kwamfutoci, domin abin da ke gabana daban ne: kwamfutoci na hannu da aka sayo shekaru da yawa da suka wuce, mafi yawansu a kan Windows 7, kaɗan a kan Windows XP, an lulluɓe su da zane saboda ƙurar hunturu, kuma masu su ba su ga dalilin taɓa abin da ke aiki ba.

Hanyar da na bi ita ce wadda mutane da yawa suka bi a wancan zamani, wato na sa rubutun manhajar ya yi aiki a kan zubin biyu. Na shigo da tubalin nan mai suna six, wanda aka yi domin ya zama gada tsakanin zubin biyu, na gyara umarnin print ya zama na sabon salo, na daidaita sunayen da suka canza kamar Tkinter da ya koma tkinter, sannan na fara fitar da kunshi biyu duk lokacin da na yi gyara, ɗaya na tsofaffin kwamfutoci, ɗaya na sababbi. Na yi zaton adalci ke nan, ba a bar kowa a baya ba. Abin da ban auna ba shi ne cewa rubutu ɗaya na iya tashi lafiya a kan zubi biyu, ba tare da ƙorafi ko saƙon kuskure ba, amma ya ba da amsa biyu.

Wanda ya gano wannan ba mai shirya manhaja ba ne. Wani Alhaji ne mai shago a Garwa da reshe a Marwa, wanda ya saya wa reshen sabuwar kwamfuta, na kuwa sa mata kunshin Python 3, babban shagon kuma yana kan na da. A ƙarshen wata ƙaninsa ya kawo lissafin Marwa, aka ɗora shi kan na Garwa, sai aka ga kaya iri ɗaya, farashi ɗaya, adadi ɗaya, amma jimillar harajin kaya ba ta zo ɗaya ba. Bambancin bai kai kuɗin shayi ba, sai dai a tsakanin wa da ƙani ƙanƙantar kuɗin ba ita ce magana ba. Alhaji ya kira ni, ya ajiye takardun biyu a kan kwalin sabulu, ya ce, "Malam, ni ban zargi kowa ba, amma mudu biyu ba ya zama a shago ɗaya. Ka faɗa mini wanne ne na gaskiya."

Kwana biyu na yi kafin na gano bakin zaren, kuma ya dace a bayyana shi dalla-dalla domin shi ne zuciyar lamarin. Harajin kaya, wato TVA, a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne. A kan kayan sefa 1000, haraji ya zama 192.5, kuma tun da ba a rubuta rabin sefa a rasit, dole a cike shi ko a zubar. Python 2 yana cike rabi zuwa sama, sai ya ba da 193. Python 3 kuwa yana kai rabi ga lambar da ke rabuwa biyu daidai mafi kusa, sai ya ba da 192. A kan sefa 600, inda harajin ya zama 115.5, duka biyun 116 suke bayarwa, shi ya sa gwajin da na yi da hannu a baya bai kama komai ba: na faɗa kan lambobin da suka yi dace. Sefa ɗaya a layi, layi ɗari-ɗari a wata, ga inda tazarar ta fito. Babu ɗayansu da za a kira kuskure a ilimin lissafi, amma ni ne na bar harshe ya yanke hukuncin da ya kamata mai shago da akawunsa su yanke.

Da na bi sawu sai na tarar da na biyu, wanda ya fi wannan muni. A Python 2, idan aka raba cikakkiyar lamba da cikakkiyar lamba, amsar cikakkiya ce, ana zubar da saura. A Python 3 alamar nan ɗaya tana kawo amsa har da ɓurɓushi. Kwalin sabulu mai guda 48 a kan sefa 13,500 yana ba da 281 a tsohon zubi, 281.25 a sabo. Na gyara wannan a wurin farashi tun farkon gada, amma na manta da wani lungu inda manhajar ke mayar da guda-guda zuwa kwali, ta yadda sabulu guda 100 da ya kamata a ce kwali 2 da guda 4, a Marwa sai rahoton sito ya nuna kwali 2.08 da 'yan kai. Yaron shagon ya daɗe yana ganin haka, ya ɗauka sabon salo ne. Kayan aikin 2to3, da aka yi domin sauya tsohon rubutu zuwa sabo, ba ya taɓa alamar rabawa, domin ba shi da hanyar sanin abin da mai rubutu ya nufa. Sai mutum ya bi kowace alama da idonsa ya tambayi kansa ko a nan kwali ake nufi ko kuɗi.

Na gyara duka biyun a mako guda, na mayar da lissafin kuɗi kan tubalin decimal tare da faɗa masa a fili cewa rabi sama yake tafiya, kamar yadda akawun Alhaji ya saba yi da biro. Amma daga ranar na daina yarda da gadar. Duk gyaran da zan yi sai na gwada shi sau biyu, kuma na san akwai lungunan da ban leƙa ba.

Maganar haruffa ita ce ta fi cin rai, kuma ita ce ta fi shafar mu a nan fiye da mai rubutu da Turanci zalla. Littafin shago a arewacin Kamaru yana ɗauke da harsuna uku a shafi ɗaya: Hausa da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Fulatanci da nasa masu lanƙwasa har da ŋ, da Faransanci mai é da è a sunayen kamfanoni da na kaya. Python 2 yana ɗaukar rubutu a matsayin jerin bayit, wato ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke ajiye bayanai a cikinsu, sai an ce masa ba haka ba, kuma a tsarin ajiye haruffa na UTF-8 harafin ɗ bayit biyu ne. Saboda haka "man gyaɗa" a wurinsa ya fi tsawonsa na gaskiya da ɗaya, layin rasit ya karkace, farashi ya goce daga ƙarƙashin ɗan'uwansa. Akwatin da ake rubuta suna a ciki kuma yana da wata ɗabi'a: idan sunan ba shi da harafi na musamman sai ya miƙo shi a matsayin bayit, idan yana da shi sai ya miƙo shi a matsayin Unicode, wato jerin haruffa ba na bayit ba. Ma'ana manhaja tana iya yin wata guda lafiya, ranar da aka rubuta "ƙwai" ko sunan wani mai ɗ a ciki ta tsaya cak. Shekarun baya na toshe wannan ɓaraka da wata dabara, na umarci ma'ajiyar SQLite ta karɓi duk abin da aka ba ta ba tare da tambaya ba. Ƙorafi ya ɗauke, amma ma'ajiyar ta cika da gauraye: sunayen da aka buga a manhaja suna UTF-8, waɗanda aka kwaso daga takardun Excel na Windows ɗin Faransanci suna wani tsari daban, inda é bayit ɗaya ne tak. Python 3 ba ya yarda da wannan gauraye. Da ya ci karo da irin wannan layi sai ya ƙi karantawa, kuma a ganina yana da gaskiya, domin ɓarnar tana nan tun da, shi dai ya ƙi rufe ta ne.

Abin da ya kawo ƙarshen jinkiri ya zo daga waje. Ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar shaidar tsaro da Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba sabobin intanet irin waɗannan takardu, ke jingina da ita, mai suna DST Root CA X3, ta cika wa'adinta. An sanar da haka tun da wuri, kuma sabbin na'urori ba su ji komai ba, amma Python 2.7 na Windows yana tafe ne da tubalin tsaro mai suna OpenSSL na jerin 1.0.2, wanda ke rikicewa idan ya ga takardar da ta mutu a cikin sarƙar takardun da ke shaida wa juna. Washegari kwamfutocin da ke kan tsohon kunshi suka daina tura kwafin littafi, kuma ba su yi ƙara ba, domin na tsara su ne su yi shiru su sake gwadawa idan intanet ya yanke, abin da ke faruwa kullum. Sai bayan kwanaki na lura cewa rabin shagunan ba su aiko da komai ba. Na samu hanyar kewayewa, amma da na je ɗauko sabbin tubala sai na ga ƙofofin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya: pip, wanda ake ɗauko tubala da shi, ya bar Python 2 tun zubi na 21.0 a Janairu 2021, PyInstaller da nake ɗaure kunshi da shi ya bar shi tun zubi na 4.0 a 2020, openpyxl mai karanta takardun Excel ya bar shi a zubi na 3.0. Na ga cewa bayanan bashin mutane, da sunayensu da lambobin wayarsu, suna bi ta hanyar da babu mai gyara ta idan ta fashe. Wannan amana ce, kuma ba ni da ikon ci gaba da riƙe ta a haka.

Yanke shawarar bari bai yi wuya ba. Tambayar da ta ɗauki lokaci ita ce wane zubi na Python 3 za a koma, domin a nan kwamfutar shago ce ke da ta cewa. Zubi na ƙarshe da ke tashi a kan Windows XP shi ne 3.4, wanda shi ma an janye hannu daga gare shi a Maris 2019, don haka komawa kansa ƙaura ce daga kango zuwa kango. Zubi na ƙarshe da ke tashi a kan Windows 7 shi ne 3.8, na Oktoba 2019, domin 3.9 sai Windows 8.1 zuwa sama. Da na bi son raina da na ɗauki mafi sabo, amma hakan na nufin in ce wa yawancin shagunan su sayi kwamfuta a lokaci guda. Na tsaya a 3.8, ina sane da cewa Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, kuma ina sane da cewa aron lokaci na yi. Masu XP kuwa babu yadda za a yi da su, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi yi mini nauyi.

Ban aika sanarwa a rubuce kawai ba, domin na san ba za a karanta ba. Na bi shagunan da ƙafa, na Marwa da Kuseri kuma ta waya, na ba da wata shida. Na zaɓi bayan Sallar Layya ta 2022 saboda dalilai biyu na gida. Daga azumi zuwa layya kasuwa ba ta da sararin da za a rufe littafi ko na rabin yini. Sannan a ƙarshen rani, lokacin da ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, wuta ba ta zama, kuma sauya ma'ajiya aiki ne da ba a so a yanke shi a tsakiya. Duk da haka na rubuta manhajar ƙaura ta yadda ba za ta taɓa tsohon fayil ba: tana karanta shi layi-layi, tana gwada kowane suna da UTF-8, idan ya ƙi ta gwada tsarin Windows, ta zuba a sabon fayil, kuma ba ta sauya sunan fayil ɗin sai ta haɗa jimillar bashi da ta kaya a ɓangarorin biyu ta ga sun zo ɗaya. Sunayen da ta kasa tantancewa takan fitar da su a takarda, mu zauna da mai shago ya faɗi ko wane ne. A wani shago wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, aka jira ta dawo, aka sake daga farko, ba a rasa ko layi ɗaya ba. A nan ne kuma muka gano mutum ɗaya da aka buɗe wa shafin bashi biyu, ɗaya da ɗ, ɗaya da d, kowanne da nasa saura.

Firintocin rasit sun kawo tasu matsalar. Ƙananan nan masu buga takarda da zafi suna da jerin haruffan da aka gina musu, akwai na Faransanci a ciki amma babu masu lanƙwasa. A da sukan buga wasu alamomi biyu marasa ma'ana a gurbin ɗ, mutane suka saba. Python 3 ya tilasta mini in yanke hukunci, sai na yanke cewa a cikin ma'ajiya da kan allo za a rubuta Hausa daidai, a bakin firinta kaɗai za a mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. Ban ji daɗin wannan ba, domin ƙafa da kafa ba abu ɗaya ba ne, amma buga rasit a matsayin hoto yana da jinkiri a kan waɗannan injina, kuma mai saye ba ya jira.

Mafi tsananin adawa ta zo daga wani dattijo a Gidar, mai kwamfutar XP da tsohuwar firinta mai faffaɗan soket irin wanda sabbin kwamfutoci ba su da shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, shekara nawa wannan abu yana yi mini aiki bai taɓa cin kuɗina ba. Yanzu don wasu a Turai sun gaji da shi, ni zan sayi sabo?" Na ce, "Baba, ba zan kashe muku shi ba, kuma ba zan iya ba ko da na so. Zai ci gaba da aiki yadda yake. Abin da nake faɗa shi ne daga wannan wata ba zan ƙara gyara shi ba, kuma ba zan bar shi ya hau intanet da sunayen masu bashinku ba." Maganarsa tana da nauyi, kuma ban ɗauke ta a matsayin taurin kai ba, domin shi ne zai fitar da kuɗin kwamfuta da na firinta saboda matsalar da bai taɓa gani da idonsa ba. Abin da na iya yi masa shi ne kunshi na ƙarshe na Python 2, wanda na cire wa hanyar intanet gaba ɗaya, na sa masa lissafin haraji da rabon kwali da aka gyara, na ƙara maɓalli ɗaya mai kwafe littafin zuwa filash a tsarin da sabuwar manhaja ke karantawa. Sauran masu XP sun sayi kwamfutoci na hannu a cikin watannin, wasu bayan na raka su kasuwa na duba musu.

Ranar da na goge six daga rubutun, tare da duk rassan da ke tambayar wane zubi ake kai, manhajar ta ragu sosai, kuma gyaran da a da ke cin mako ya koma na yini ɗaya ko biyu. Na sa mata binciken farko, ta yadda idan aka tashe ta a kan tsohon zubi za ta tsaya da saƙo cikin Hausa da Faransanci mai bayyana dalili, maimakon ta fara aiki ta lalata lissafi a ɓoye. Na kuma rubuta gwaje-gwaje masu gudana da kansu, na farkonsu shi ne harajin sefa 1000, na biyu sabulu guda 100, na uku "man gyaɗa" a layin rasit. Idan aka tambaye ni inda na yi kuskure, ba a ranar bari ba ne, a shekarun gada ne. Da na sa wa gadar wa'adi tun ranar da na gina ta, na kuma rubuta waɗannan gwaje-gwaje kafin in fitar da kunshi na biyu, da Alhaji da ƙaninsa ba su zauna suna kallon takardu biyu ba.

Aron lokacin da na yi ya ƙare, domin an janye hannu daga Python 3.8 a Oktoba 2024, kuma har yanzu akwai shagunan da ke kan Windows 7. Wannan karon na rubuta a takardar yarjejeniyar kowane shago zubin da manhajar ke kai da shekarar da zai daina samun kulawa, kuma ina riƙe da jerin kwamfutocin duka, da irin Windows ɗin kowace da irin firintarta, domin in san su wa ƙaura ta gaba za ta taɓa kafin in sa rana. Dattijon Gidar yana nan a kan XP ɗinsa. Duk ƙarshen wata jikansa yakan shigo motar Garwa da filash a aljihu, in kwafe littafin in ajiye, in duba cewa jimillar ta zo daidai, in mayar masa ya koma da shi.